Nuna Ka Faɗa: Hanya Mai Sauƙi Ta Koya Wa Yara Magana A Gaban Jama'a

'Yan'uwa, duk wanda ya taɓa kai yaro asibiti ya san wannan abu. Ma'aikacin lafiya zai tambayi yaro, "Ina ne ke yi maka ciwo?" Sai yaro ya sunkuyar da kai, ya maƙale a zanin uwarsa. Yaron nan kuwa a gida ba a iya kwana saboda surutunsa. Haka yake a makaranta. Yarinya ta san amsa sarai, amma da malam ya nuna ta sai bakinta ya mutu. Ranar da baƙo ya zo duba rijiya ko makarantar gari, mutum biyu ko uku ne ke magana, sauran jama'a sai bayan ya tafi suke cewa, "Ai da an gaya masa kaza."

Wannan shiru yana jawo mana asara. Yaron da bai iya faɗin inda ke masa ciwo ba, maganinsa kan yi jinkiri. Wanda bai iya cewa "Malam, ban gane ba" yakan tsallake aji da jahilcinsa. Yarinyar da ba ta saba buɗe baki ba, ko an cuce ta a hanyar rafi ba za ta faɗa ba. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A wannan fitowa za mu duba wata hanya da ba ta bukatar kuɗi ko littafi, wadda kowace ikilisiya da kowane gida a Gumbin Kure, Mungadi, Andarai, Sambawa da sauran garuruwanmu za su iya farawa a wannan mako.

Kunya daban, tsoro daban

Wasu iyaye za su ce, "Mu ba mu son yaro mai baki." Suna da gaskiyarsu. Yaron da ke tsoma baki cikin zancen manya, ko mai mayar wa babba magana, ba abin alfahari ba ne. Kunya da ladabi ado ne, kuma ba wanda ke neman a raba yaranmu da su.

Amma mu lura da bambanci. Mai ladabi yana da abin faɗa, yana jira a ba shi dama, idan aka ba shi sai ya faɗa cikin natsuwa. Mai tsoro kuwa ko an ba shi dama ba ya iyawa. Gabansa na faɗuwa, bakinsa ya bushe, hannunsa na rawa, abin da ya sani duk ya gudu daga kansa. Haka jikin mutum yake yi idan ya ji yana cikin haɗari, babba ko yaro. Idanun jama'a a kan yaron da bai saba ba, jikinsa yana ɗaukarsu tamkar haɗari ne. Duka ko tsawa ba sa kawar da wannan, sai dai su ƙara shi. Abin da ke rage shi shi ne sabo: a yi kaɗan yau, a ga ba abin da ya faru, a ƙara kaɗan gobe.

Mene ne "Nuna ka faɗa"?

Wani ɗan aiki ne da aka daɗe ana yi a ƙananan azuzuwa a Amurka, Ingila, Kanada da Ostiraliya. Yaro yakan zo da wani abu daga gida, ya tsaya gaban 'yan ajinsu, ya nuna musu, ya faɗi abin da ya sani game da shi na minti ɗaya ko biyu. Daga nan 'yan'uwansa su yi masa tambaya. Shi ke nan.

Kada mu ɗauka baƙon abu ne ƙwarai. Iyayenmu sun koyi magana a dandali da gindin murhu. Idan yarinya ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku," aka amsa mata, ai magana take yi a gaban jama'a. Tatsuniya da kacici-kacici makaranta ce ta baki. Yau rediyo da wayar hannu sun cinye yawancin wannan lokaci na dare. "Nuna ka faɗa" yana mayar wa yaro wannan fili, ya kuma ƙara masa abu guda: abin riƙewa a hannu.

Me ya sa abin riƙewa yake taimako?

Na farko, yaro yana magana ne a kan abin da ya fi kowa sani a wurin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan ka ce wa yaro ya karanto abin da ya haddace, yana iya yin kuskure, kuma kowa zai gane. Amma idan motar kara ce da ya ƙera da hannunsa, wa zai ce masa ba haka ba ne?

Na biyu, idanun masu kallo suna komawa kan abin da ke hannunsa, su sauka daga fuskarsa. Nauyin kallo ya ragu ke nan. Hannun da zai yi ta rawa ko murza bakin riga ya sami aikin yi.

Na uku, abin yana tuna masa zance. Idan ya manta, sai ya dubi ludayin da ke hannunsa, ya ga inda ya tsage, ya tuna ranar da ya faɗi, magana ta ci gaba. Su ma masu sauraro sun fi ganewa, domin gani ya kori ji.

Na huɗu, yaro yana ganin cewa abin gidansu yana da daraja. Ɗan manomi ya gane cewa sanin gero da dawa ilimi ne, har malam zai zauna ya saurare shi.

Me ya sa ba za mu bar wa makaranta ba?

A ranar 30 ga Satumba, 1999 aka ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya a Sakkwato, aka kuma yi dokarsa a shekarar 2004, wadda ta ce kowane yaro ya sami shekara 9 na karatu kyauta kuma dole. Wannan abin godiya ne. Amma mu yi ɗan lissafi. Idan aji yana da yara 60, darasi kuma minti 30 ne, ko malam bai ce uffan ba, kowane yaro rabin minti zai samu. Saboda haka yawancin maganar da yara ke yi a aji ta amshi ce, malam ya faɗa su maimaita tare. A cikin amshi, mai tsoro yana ɓuya shekara da shekaru ba a gane shi ba. Makarantar Lahadi, taron Zumuntar Mata da tsakar gida suna da abin da aji ba shi da shi: mutane kaɗan, fuskokin da yaro ya sani, da lokaci.

Yadda za a shirya

1. A raba yara ƙungiya-ƙungiya, kada ƙungiya ta wuce yara 8 ko 10. 'Yan shekara 4 zuwa 6 wuri guda, 'yan 7 zuwa 10 wuri guda. A zauna a kewaye, a kan tabarma ko a inuwar bishiya.

2. Babba ya fara. Malama ta zo da maburginta ko faifanta, ta yi bayani a taƙaice, yara su ga yadda ake yi.

3. A zaɓi yara 3 ko 4 kawai a kowane zama, a gaya musu tun mako guda kafin ranar. A rubuta sunaye bi da bi domin kowa ya san layi zai zo kansa. Minti 15 ya isa.

4. A koya musu tambayoyi huɗu da za su riƙe da yatsu: Mene ne wannan? Daga ina ya fito? Me ake yi da shi? Me ya sa na kawo shi? Ƙaramin yaro ko biyu ya amsa, ya yi ƙoƙari.

5. Yaro ya fara da gaisuwa, ya faɗi sunansa, ya rufe da godiya. Ta haka magana da ladabi suke tafiya tare.

6. Bayan ya gama, yara biyu su yi masa tambaya. Mai tambaya ma koyon magana yake yi.

7. A tafa wa kowa daidai. Kada a yi na ɗaya da na biyu, kada a ba da kyauta ga wanda ya fi.

Dokar zama guda biyu ce, a maimaita ta kowane lokaci: idan ɗaya yana magana sauran su yi shiru, kuma ba a yi wa kowa dariya.

Abin da za a kawo

Ƙasarmu cike take da abin nunawa. Albasa, wadda ta sa sunan Aliero ya kai har kudancin ƙasar nan. Zangarniyar gero ko ta dawa. Shinkafar fadama da ɓawonta. Ƙwarya, ludayi, faifai, tsintsiya. Goruba, 'ya'yan kuka, ganyen zogale. Gashin zabuwa, 'yar tsana, motar kara, dokin laka. Abin da Baba ya sayo daga kasuwar Jega. Ana iya bin lokaci: da damina abin gona, da kaka abin girbi, da rani kayan lambu.

Akwai abubuwan da ba za a kawo ba: wuƙa, lauje, ashana, ƙwayar magani, da kwalbar maganin feshi ko da babu kome a ciki. Haka kuma kuɗi, wayar hannu da kayan wasa masu tsada. Idan aka bar wannan ƙofa a buɗe, zaman zai koma gasar nuna arziki, ɗan talaka da maraya su ji kunya su daina zuwa. Malama ta ajiye 'yar jaka da ƙananan abubuwa a ciki saboda yaron da ya zo hannu wofi, ya zaɓi ɗaya ba tare da an tambaye shi dalili ba.

Ga misali

Mu ce wata 'yar shekara 6, mu kira ta Rifkatu, ta zo da albasa.

"Ina kwananku. Sunana Rifkatu. Wannan albasa ce."

Sai ta yi shiru. Malama ba ta ce kome ba, tana murmushi tana jira. Da shirun ya yi tsawo sai ta ce, "Rifkatu, daga ina kika samo ta?"

"Daga lambun Babanmu, Malama."

"Yaya Baba yake yi kafin ta yi girma haka?"

"Yana yafa iri. In ya fito sai ya cire ya dasa. Yana ba ta ruwa da inji. Ni da Yaya muna cire ciyawa."

Wani yaro ya ɗaga hannu: "Me ya sa take sa hawaye?"

"Ban sani ba. Amma Inna tana sa ta a ruwa kafin ta yanka."

Malama ta ce, "Madalla, Rifkatu. Mun ji muryarki har baya, kuma kin koya mana yadda ake dashe."

Mu lura da abu uku. Malama ba ta ƙarasa wa yarinya magana ba. Tambayarta ba ta "i" ko "a'a" ba ce. Yabonta kuma ya ambaci ainihin abin da yarinyar ta yi, domin ta san abin da za ta maimaita. Mu kuma lura cewa "ban sani ba" amsa ce mai kyau. Yaron da ya iya faɗinta ba tare da jin kunya ba ya sami babban abu.

Aikin babba shi ne haƙuri

Wata malamar kimiyya a Amurka mai suna Mary Budd Rowe ta yi shekaru tana sauraron darussan da aka ɗauka a kaset. A farkon shekarun 1970 ta bayyana cewa malamai sukan jira kamar daƙiƙa 1 kacal bayan sun yi tambaya, kafin su maimaita ko su nuna wani yaro. Inda malamai suka koyi jiran daƙiƙa 3 ko fiye, amsoshin yara sun ƙara tsawo, yaran da ba sa magana a dā suka fara sa baki. Saboda haka idan ka yi wa yaro tambaya, ƙirga biyar a zuciyarka kafin ka sake buɗe baki.

Wata mai bincike kuma, Sarah Michaels, ta zauna a wani aji ɗaya na firamare a jihar Kalifoniya tana duba irin wannan zama na nuna abu, ta buga abin da ta gani a 1981. Ta ga wasu yara suna tsayawa kan abu ɗaya daga farko har ƙarshe. Wasu kuma, musamman 'ya'yan baƙaƙen fata, sukan haɗa labari da labari yadda ake hira a gidajensu. Malamar ajin takan katse waɗannan na biyu, tana ganin sun bar hanya, alhali labarin nasu yana da inda ya dosa. Wannan darasi ne gare mu. Yaronmu yana iya farawa da ƙwarya, ya shiga labarin Kaka, ya ratsa ta ranar biki, sannan ya dawo kan ƙwarya. A bar shi ya kai ƙarshe. Tsara magana zai zo daga baya.

Kada kuma a gyara wa yaro kuskure a gaban 'yan'uwansa. Idan ya faɗi kalma ba daidai ba, babba ya maimaita ta daidai a cikin tasa maganar, ya wuce. Kada a tilasta masa ya kalli babba ido cikin ido, tun da a wurinmu sunkuyar da kai girmamawa ce. Ya isa ya ɗaga kai yadda murya za ta fita, ya dubi abin hannunsa ko abokansa.

Da wane harshe?

Da harshen da yaro yake mafarki da shi. Yawancinmu Hausa ce. Amma a jiharmu akwai gidajen da ake Dakarci, Kambarci, Zabarmanci ko Fulatanci. Idan yaro ya fi sakewa da harshen gidansu, ya fara da shi, wani ya fassara. Tsoron jama'a kaya guda ne, baƙon harshe kaya na biyu. Ba a ɗora wa ƙaramin yaro kaya biyu a lokaci ɗaya.

Masu fargabar cewa wannan zai hana Turanci su kwantar da hankali. Daga shekarar 1970, Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa sun yi gwaji a yankin Ile-Ife, inda aka koyar da wasu yara da Yarabanci duk shekara 6 na firamare, Turanci kuma a matsayin darasi guda. Waɗannan yara ba su kasa takwarorinsu ba, har a Turancin ma. Yaron da ya iya tsara zance da harshensa, zai ɗauki wannan gwaninta ya shiga da ita kowane harshe. Manyan yara, idan sun saba, suna iya ƙara jimla ɗaya ko biyu da Turanci.

Yaron da ya ƙi magana

A kowace ƙungiya za a sami ɗaya ko biyu. Kada a ja shi da ƙarfi, kada a kira shi bebe ko dolo, domin suna yakan bi yaro har girma. A bi da shi mataki-mataki. Makon farko ya riƙe abin kawai, malama ta yi bayani. Na gaba ya raɗa wa malama a kunne, ita ta faɗa. Sannan ya tsaya tare da abokinsa su yi tare. Sannan ya faɗi sunan abin da bakinsa. Sannu ba ta hana zuwa.

Game da in'ina, kusan yaro 5 cikin 100 sukan yi ta na wani lokaci suna ƙanana, yawancinsu kuma tana barinsu. Ba tsoro ko rashin wayo ke kawo ta ba, amma tsawa da dariya suna tsananta ta. Kada a ce masa "yi sauri," kada a ƙarasa masa kalma. A saurari abin da yake faɗa.

Wani yaron kuma ba ya ji ne sosai. Kunne mai zubar da ruwa, ƙyanda da sanƙarau duk suna iya rage ji. Mun tuna sanƙarau da ya ɓarke a farkon 2025 a ƙananan hukumomin Jega, Aliero da Gwandu. Idan yaro ba ya juyowa in an kira shi daga baya, ko maganarsa ta koma baya bayan zazzaɓi mai tsanani, ko ya kai shekara 3 ba ya haɗa kalmomi, a kai shi asibiti a duba. Wannan ya wuce aikin malamar Lahadi.

Abin da iyaye za su yi a gida

Daren da ya rage kwana ɗaya, yaro ya gwada a tsakar gida bayan tuwo. Mafi dacewa ya fara da Kaka. Tsakanin kaka da jika akwai wasa, babu nauyin da ke tsakanin ɗa da uba, shi ya sa bakin yaro ya fi buɗewa a wurinta. A gidajen da uwa ke kunyar ɗan fari, goggo ko kawu su ɗauki aikin saurare da yabo.

Kada a rubuta wa yaro abin da zai faɗa, kada a sa shi hadda. A yi masa tambaya kawai: "Wa ya ba ka? Yaya aka yi shi?" Idan ya dawo a tambaye shi yadda aka yi. Aike ma makaranta ce. Yaron da aka aika gidan maƙwabta da saƙo, aka ce ya maimaita kafin ya tafi, ya kuma kawo amsa, yana koyon riƙe magana da isar da ita.

Mu kula da 'ya'ya mata musamman. Sau da yawa namiji ne ake aika kasuwa, shi ke zama kusa da manya, ita kuwa tana ɗaki ko wurin raino. A zaman "Nuna ka faɗa" a ba su fili daidai, mace ɗaya namiji ɗaya. Yarinyar da ta saba a saurare ta a kan ƙwarya da faifai, ita ce za ta iya zuwa wurin uwarta ta ce, "Inna, wani ya tare ni a hanya." Ita ce kuma gobe za ta tashi a taron gari ta faɗi halin da rijiya take ciki.

Bayan wata uku ana yi, ƙungiya tana iya gayyatar iyaye su zo su saurara, ko a shirya shi ranar yara ta ƙasa, 27 ga Mayu. Amma yaron da ya ce bai shirya tsayawa gaban manya ba, a bar shi sai wani karo.

Tambayoyi don tattaunawa a ƙungiya

1. A garinmu, a ina ne yaro yake samun damar yin magana manya su saurare shi?

2. Yaya za mu gane bambancin yaro mai ladabi da yaro mai tsoro?

3. Waɗanne yara ne a cikinmu ba a taɓa jin muryarsu ba? Me ya sa?

4. Waɗanne abubuwa 10 ne na gida da gona yaranmu za su iya kawowa a wannan wata?

5. Wa zai ɗauki nauyin zaman farko, a ina, kuma wace rana?

Idan kun gwada, ku aiko mana da labarin yadda ya kasance ta hannun ma'aikacin raya ƙasa na yankinku, domin sauran ikilisiyoyi su ƙaru da ku. Allah ya raya mana yaranmu.